Wai da gaske ne mai zanen nan na Indiya da allon silima ya fara?

MaiFenti_SabonGari ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah ina da tambaya, wanda ya sani ya taimaka min. Ni dai sana'ata rubutun alluna ce da fenti a nan Maraɗi, allon shagon aski, na tela, na masu gyaran salula, wani lokaci bayan babbar mota ko adaidaita, kun dai gane irin aikin. To wani abokina ya turo min ɗan bidiyo a WhatsApp da Faransanci wai an saida zanen wani mutumin Indiya mai suna Husain a kan dalar Amurka miliyan 13 da wani abu, zane guda ɗaya tak, na buga lissafi a waya ya ba ni sama da miliyar 8 na sefa. Kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne mai bayanin ya ce wai shi ma da allunan talla ya fara kamar mu, allunan silima yake zanawa a bakin titi.

Shi ne nake so in sani, da gaske ne ko irin ƙarin gishirin nan ne na ƴan intanet? Kuma sunan na ji kamar na Musulmi, in Musulmi ne to yaya ya yi da maganar zanen abu mai rai, don ni kaina abin yana damuna, babana bai taɓa son in zana fuskar mutum ba ko a allon aski ne. Sannan babbar tambayata, ta wace hanya mutum ke tashi daga allon bakin titi har ya kai can? Don wallahi aikinmu yana mutuwa muna kallo, yanzu kowa wurin masu kwamfuta yake zuwa a buga mishi a leda da inji, an gama cikin awa guda, ga hoto tar, mu sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ina son aikin nan har cikin raina, ban iya komai ba kamar shi, kuma ba na so in aje buroshi in koma kabu-kabu. Na gode.

Malamin_Lise ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Da gaske ne, ba ƙarin gishiri. Cikakken sunanshi Maqbool Fida Husain, amma M.F. Husain aka fi saninshi. An haife shi 1915 a wani gari Pandharpur cikin jihar Maharashtra, gidan Musulmi ne. Mahaifiyarshi ta rasu yana jariri bai kai ga sanin fuskarta ba, sai ya tashi a garin Indore inda babanshi ke aiki a masaƙa. Yana yaro an kai shi makarantar addini a yankin Gujarat, a can ya fara koyon kyautata rubutu irin na larabci, kuma in ka duba zanenshi na baya za ka ga hannun mai rubutu ne, layi ɗaya yake ja da ƙarfi ba ya komawa yana gyare-gyare.

Wajen tsakiyar shekarun 1930 ya tafi Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, ba kuɗi ba kowa. Aikin da ya samu shi ne wanda ka ji, zana manyan allunan finafinai, irin wanda tsawonshi ya fi gida, ana biyanshi kuɗi ƙalilan gwargwadon faɗin allon, kuma da gaggawa ake so don fim ba ya jiran mai zane. Shekaru ya yi a haka. Da ya yi aure a 1941 iyali suka zo sai ya koma wani kamfani mai yin kayan ɗakin yara da kayan wasa, yana zana musu yana ƙerawa, nan ma shekaru. To ka lura, duk tsawon lokacin nan bai taɓa barin zanen kanshi ba, in ya tashi aiki zane, in ya samu ɗan kuɗin jirgin ƙasa ya fita ƙauyuka ya zano abin da ya gani. Lokacin da aka fara jin sunanshi ya haura shekara 30.

Abin da ya juya rayuwarshi 1947 ne, shekarar da Indiya ta samu ƴancin kai. Wani mai zane F.N. Souza ya ga aikinshi a wurin baje koli a Bombay sai ya jawo shi cikin wata ƙungiya da suke kafawa, su shida ne, akwai S.H. Raza da K.H. Ara da H.A. Gade da S.K. Bakre. Manufarsu su bar irin zanen da Turawan Ingila suka koyar a makarantu, su kuma bar kwaikwayon tsohon salo kawai, su yi abin da ya dace da sabuwar ƙasarsu. Irin haka ta faru kusa da mu ma, a Zariya cikin 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya sun haɗa tasu ƙungiyar da kusan wannan tunanin. Ina faɗa maka wannan ne don ka ga ba shi kaɗai ya fito ba, cikin abokai ya fito, suna sukar aikin juna suna haɗa kuɗi su kama ɗakin nuni.

Daga nan abu ya buɗe. A 1952 ya yi nunin kanshi a Zurich ta ƙasar Suwizalan. A 1967 ya yi wani gajeren fim a Rajasthan ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Berlin. A 1971 aka gayyace shi babban nunin São Paulo a Brazil a matsayin baƙo na musamman, shi da Picasso, shahararren mai zanen nan na Spain, aka yi wa wannan gayyatar. Gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girmamawa ta Padma Bhushan a 1973 da Padma Vibhushan a 1991, kuma a 1986 aka naɗa shi ɗan majalisar dattawa, ya yi shekara 6 a ciki, maimakon jawabi zanen ƴan majalisar yake yi yana zaune. Mutum ne dogo mai farin gashi da farin gemu, yawanci ba ya sa takalmi ko ina za shi, yana riƙe da dogon buroshi kamar sanda. Dawakai su ne abin da aka fi saninshi da su, kuma asalin son dokin tun yarinta ne a Indore, lokacin Muharram ana fitowa da siffar doki da aka ƙawata ana zagaya gari da ita, yaron ya riƙe wannan a kanshi har tsufa.

Zanen da ka ji labari kuwa tun 1954 ya yi shi, ana kiranshi Gram Yatra, tsawonshi ya ɗan haura mita 4, an raba shi gida 13 kowane gida da wani abu na rayuwar ƙauye, mata suna niƙa, suna tatsar nono, manomi, haka dai. Wani likita daga Norway da ya zo aiki Delhi ƙarƙashin hukumar lafiya ta duniya shi ya saya a wannan shekarar ya tafi da shi, daga baya ya bar wa asibitin jami'ar Oslo, ya yi shekaru masu yawa rataye a can kusan ba wanda ya san da shi. A watan Maris 2025 aka yi gwanjonshi a kamfanin gwanjo na Christie's a New York ya tashi dalar Amurka miliyan 13.75, a lokacin ba zanen zamani na ɗan Indiya da ya taɓa kai haka. Lissafinka daidai ne.

Maganar zanen mai rai ba ni da ikon ba ka fatawa, ka samu malamin da ka yarda da iliminshi ku zauna, kuma ka girmama ra'ayin mahaifinka. Shi dai Husain ya zana mutane da dabbobi duk rayuwarshi bai ɓoye ba. Amma abokinshi Raza, shi ma Musulmi, ya yi suna a duniya da zanen da ba mutum ba dabba, ɗigo ne baƙi babba da da'ira da kusurwoyi da launi, kuma aikinshi ma miliyoyin dalar Amurka ake saye. Don haka ƙofa ba ɗaya ba ce.

ƳarMokoyo ta amsa:

Kai Malam Allah ya ƙara ilimi, amma kun tsallake wurin da mu ƴan kallon Indiya muka san shi 😊 Ni ta wajen Madhuri Dixit na fara jin sunanshi. Tsohon nan yana kusan shekara 80 ya ga fim ɗinta na 1994 wanda ta yi da Salman Khan, wanda kowa ya sani har kakanninmu sun kalla, ya yi ta komawa silima yana sake kallo ba adadi, ya yi ta zanata iri-iri, ƙarshe ya ce shi ma sai ya yi fim da ita. Kuma ya yi, Gaja Gamini a 2000, har Shah Rukh Khan ya ɗan fito a ciki. Na kalle shi, gaskiya ba irin fim ɗin da muka saba ba ne, ba labarin da za ki bi daga farko zuwa ƙarshe, kamar zane ne ke motsi, kuma bai yi kasuwa ba. Amma launukan wallahi sai ki tsaya ki yi ta kallo. A 2004 ya sake wani da Tabu, A.R. Rahman ya yi kiɗan.

Abin da ya burge ni shi ne mutumin da ya fara da zana fuskokin ƴan fim a allo don ya samu na abinci, ya zo shi ke ɗaukar manyan ƴan fim aiki. Ƙanena kar ka raina sana'arka. Ni lalle nake yi wa amare kuma na san yadda ake kallon aikin hannu a garin nan, sai an zo biki kowa na yabo amma in kika faɗi kuɗi sai a ce ai ɗan zane ne kawai. Ka riƙe abinka.

Ɗan_Bagalam ya amsa:

Salam. Ni ban zo ɓata hira ba amma a faɗa ma yaron nan labarin duka, kar a ba shi rabi. Mutumin nan ba a Indiya ya mutu ba, gudun hijira ya yi, kuma abin da ya jawo shi ne ya zana allolin Hindu mata ba tufafi. Ni a ganina bai kyauta ba ko kaɗan. Mu nan in wani ya taɓa mana addini da zane mun san yadda zuciyarmu ke yi, to don mi shi zai taɓa na wasu? Cikin Suratul An'am aya ta 108 an hana mu zagin abin da wasu ke bauta ma, don kar su rama da zagin Allah cikin jahilci. Ga shi Musulmi cikin ƙasar da Musulmi ba su da rinjaye kuma dama ana zaman doya da manja, duk abin da ya yi ba shi kaɗai za ya shafa ba, talakan Musulmi da ke saida shayi a bakin hanya shi ka iya shan dukan.

Kuma ba Hindu kaɗai ya ɓata ma rai ba. Wancan fim na 2004 da Hajiya ta ambata, ƙungiyoyin Musulmi ne sunka yi ƙorafi cewa an sa kalmomi na Alƙur'ani cikin wata waƙa, har shi da kanshi ya janye fim ɗin daga gidajen silima. To ka gani, can ya taɓo nan ya taɓo. Ban ce bai iya zane ba, na duba dawakin nashi a Google yanzu kuma lallai akwai hannu, doki kamar za ya fasa waya ya fito. Amma iyawa daban sanin iyaka daban. Ni shawarata ga mai tambaya, ka ɗauki ƙoƙarinshi da haƙurinshi, ka bar mishi wancan ɓangaren.

Malamin_Lise ya sake amsa:

Ɗan Bagalam ka yi daidai da ka kawo wannan, dama niyyata in zo kanshi sai rubutun ya yi tsawo. Kuma na yarda da kai cewa abin da ya shafi imanin mutane ana taka shi a hankali. Amma bari in ƙara yadda abin ya gudana don a yi mishi adalci.

Zanen da aka fara rigima a kansu tun shekarun 1970 ya yi su, sun yi wajen shekara 20 ba wanda ya ce uffan. Sai a 1996 wata mujalla ta harshen Hindi ta tono su ta buga da kanun labari mai tunzura jama'a, a daidai lokacin da siyasar addini ta yi zafi a Indiya bayan rushe masallacin Babri a 1992. Daga nan ƙararraki suka fara sauka a kotuna gari-gari, aka kai hari wurin nunin aikinshi a Ahmedabad aka lalata zane, a 1998 ƴan ƙungiyar Hindu masu tsattsauran ra'ayi ta Bajrang Dal suka afka gidanshi a Mumbai. A 2006 rigima ta sake tashi kan wani zane na mace a siffar taswirar Indiya, ya ba da haƙuri aka janye zanen daga gwanjo amma abin bai lafa ba, har barazanar kisa, har a Landan sai da aka rufe wani nuninshi bayan an ɓata zane biyu. A shekarar ya bar ƙasar yana da shekara 90 da ɗoriya.

Shi hujjarshi ita ce a al'adar Hindu ɗin kanta siffofi marasa tufafi sun cika tsofaffin wuraren bautarsu, kamar na Khajuraho, kuma shi ya zana tsofaffin labaran addinin Hindu na Ramayana da Mahabharata da yawa cikin girmamawa, ya tashi a cikinsu yana ganin nashi ne shi ma a matsayinshi na ɗan ƙasa. A 2008 babbar kotun Delhi ta yi watsi da wasu daga cikin ƙararrakin ta ce zanen ba batsa ba ne, kotun ƙoli ma ta ƙi yarda a gurfanar da shi. Hindu da yawa sun tsaya mishi, wannan ma a faɗa. Duk da haka bai koma ba. A 2010 Katar ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa, kuma tunda Indiya ba ta yarda da riƙe fasfo biyu sai ya maida nata. Ya rasu a Landan ranar 9 ga Yuni 2011 yana da shekara 95, a Ingila aka binne shi.

Ni inda na tsaya, da ni ne ba zan zana abin bautar wani haka ba. Amma tsohon da ya kwashe shekara 60 yana zana ƙauyukan ƙasarshi da matanta da manomanta, a ce ya mutu bai sake taka ƙasar ba saboda masu fasa gida da masu barazana, wannan yana min ciwo ƙwarai. Wanda aka ɓata wa rai kotu zai je, kuma an je, kotu ta yi magana.

MaiFenti_SabonGari ya rubuta:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya, Ɗan Bagalam kai ma na ji kuma na ɗauka, ni ba ruwana da taɓa addinin kowa. Tun jiya nake duba zanen Raza ɗin nan, ban san ana sayen irin wannan ba, ya tuna min da zayyanar allon sauka da kuma adon bangon tsofaffin gidajen Birni a Damagaram. Amma har yanzu tambayata ta ƙarshe tana nan, a aikace mi zan yi? Nan ba Bombay ba ce, ba gidan nunin zane, ba attajirin da zai sayi zane ya rataya, in na ce ma mutum jika 20 kan zanen da ba talla ba ne dariya zai min. Akwai wanda ya daɗe a sana'ar nan ya ba ni shawara?

TsohonMaiBuroshi ya amsa:

Yaro sannu da ƙoƙari. Ɗana ne ya nuna min wanga zance ya ce in yi magana, shi ka rubuta min ina faɗi. Na daɗe cikin aikin ga tun lokacin da gidajen silima ke cika a garin nan muna yi musu allo, don haka da anka ce mutumin ga da allon silima ya fara ban yi mamaki ba, da anka nuna min dawakinshi na ce lallai wanga ɗan gidanmu ne. Dubi layinshi, kauri gare shi, baƙi, ja guda. Dubi launi, ba ya tara su da yawa, kuma ko daga nesa ka hango ka san mi ne ne. Wanga ba a makaranta aka koyonshi ba, allo ne ka koya ma mutum, don mai wucewa bisa babur daƙiƙa biyu gare shi, in bai gane ba aikinka ya ɓaci. Kuma wanda ya saba hawa tsani ya zana fuska mai mita 3 cikin rana, hannunshi ba ya rawa gaban ƙyalle. To kai ma kana da wanga a hannunka yanzu haka, kar ka ɗauka ba ka da komi.

Amma in gaya maka gaskiya kar miliyar 8 ta hana ka barci. Kuɗin nan ko dala ba ta shiga aljihunshi ba, ya yi shekara kusan 14 a kabari sannan anka yi gwanjon, asibitin da ke da zanen ita ta karɓa. E ya yi arziki da ranshi, ba a musu, amma don ƙasarshi na da masu kuɗin da sunka ɗauki sayen zane abin alfahari, har wata attajira Kiran Nadar ta buɗe gidan aje zane nata na kanta kusa da Delhi cikin 2010. Mu namu Alhazan gida da mota da Makka sunka sani, ba laifi ba ne, haka garin ya ke. In don kuɗin gwanjo za ka shiga, za ka sha wahala ka yi fushi ka bari.

Ga abin da ni ka gani. Kar ka bar allo, shi ka ciyar da kai, shi ma bai bar aikin kamfani ba sai da ƙafarshi ta tsaya. Amma ka ware lokaci ko da bayan la'asar ne na aikin da ba wanda ya sa ka. Sayi farin yadi mai kauri, ka ɗaure shi bisa katako ya miƙe sosai, ka shafa mishi farin fenti hannu biyu ya bushe, ka fara. In ba kuɗin yadi ko falange da kwali sun isa. Kuma kar ka zana dutsin ƙanƙara da jirgin ruwa irin na kalanda, zanen da anka saya da tsada ɗin nan mi ke cikinshi? Ƙauyensu ne, mata da shanu da manomi. Kai ma ga naka nan, ƴan kokowa ranar da anka sa takobi, dawakin hawan salla a ƙofar fada, jar akuyarmu ta Maraɗi da duniya ta san fatarta, mata masu tuyar ƙuli-ƙuli, lambunan bakin Gulbi da rani, motocin Jibiya da Ɗan Isa an lafta musu kaya har sama. In zuciyarka ba ta kwanta da fuska ba, to bari fuskar, shi kanshi Husain zanenshi na Mother Teresa, matar nan Kirista mai taimakon talakawan Indiya, ba fuska gare su ba, farin mayafi ne mai bakin shuɗi kawai kuma kowa ya gani ya san ita ce. In ma mai ran ne gaba ɗaya ba ka so, ga zayyana ga adon bango ga aikin sirdi da na baduku, wanga teku ne ba mu ko taɓa shi ba.

Duk wanda ka gama ka sa sunanka da shekara a ƙasa, ka ɗauki hoto da rana ba da dare ba, ka aje. Mu abin da ya cuce mu ke nan, allunan da munka yi duk ruwa da rana sun cinye, wasu an hura wuta da su, yau ko guda ba ni iya nuna ma jikokina. Kuma ka nemi ƴan uwanka masu buroshi ko ku huɗu ne, in kun tara aiki 30 ku roƙi zaure a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko gidan matasa ku jera na kwana 3, ku kira ƴan rediyo. Masu otal da ofisoshi da ƴan garin nan da ke zaune waje suna son abin da za ya tuna musu gida, su ne kasuwarka ta farko. Na farko ko jika 10 anka ba ka, karɓi, ya fita ya rataya inda ido ka ganinshi. In kana so ka zo da abin da ka fara in duba, ɗana za ya yi maka magana ta akwatin saƙo.

Direba_a_Doha ya amsa:

Baba Allah ya ƙara lafiya, wallahi maganarku ta shige ni. Ni ɗan Tibiri ne ina tuƙi a nan Katar, na ga zancen ne na ce bari in ƙara abu ɗaya. Aikinshi na ƙarshe yana nan Doha a unguwar jami'o'i da ake kira Education City, sunanshi Seeroo fi al Ardh, bai ga kammaluwarshi ba don sai a ƙarshen 2019 aka buɗe. Ba zane ba ne na ratayewa, ɗaki ne babba, akwai dawakai na gilashi masu launi girman doki na gaske da tsofaffin motoci suna juyawa da kiɗa da fitilu, ga siffar Abbas ibn Firnas, mutumin Andalus da ya gwada tashi sama da fukafukai, ga kuma bango guda cike da dawakai. Na kai baƙi wurin na shiga tare da su, Indiyawan da muke aiki tare wasu suna alfahari da shi wasu har yanzu ba sa son a ambace shi, Ɗan Bagalam ka ga maganarka tana nan da ranta.

Mai Fenti in ka yi na hawan salla ko na kokowa ka sa hoton a nan da kuɗinshi, mu nan ƴan Nijar muna da zauren WhatsApp zan tura musu, ni kaina ina son na kokowa. Sai dai ka yi shi a yadi wanda za a iya cirewa daga katako a naɗe, don falange ba zai shiga jaka ba kuma kuɗin kilo a jirgi ba wasa ba ne.